Jarkokin Kumfa

Ranar kasuwar Tanout ce teburin wani mai sayar da fetur a kwalba ya kama da wuta. Raishatu, 'yar Malam Mamman makiyayi daga wajen Ollelewa, tana gefe da faifan cukunta. Kafin ta kwashe kaya 'yan kwana-kwana sun iso. Wani dogon saurayi cikinsu mai suna Abdulhafiz ya saki farar kumfa, wuta ta mutu, cukun ma ya tashi daga aiki.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce tana hararar sa. "Wuta ka zo kashewa ko kasuwata?"

Abdulhafiz da bai ji tsoron wuta ba, sai ga shi yana in'ina gaban mai cuku. Daga ranar ta sa masa suna Ɗan Kumfa, shi kuma bai sake fashin cin kasuwa ba.

Da ya je gaida mahaifinta, ya kai abin da duk ɗan yankinsu na Damargu ya san darajarsa: manyan jarkoki masu kauri, waɗanda kumfar kashe gobara ta ƙare a ciki. Malam Mamman ya yi murna ƙwarai. Ya wanke su a bakin rijiyarsa, ya zubar da ruwan ɗaurayar a nan, aka shiga ɗiban ruwan sha da su. Maganar aure ta miƙe.

Wata safiya saƙon Abdulhafiz ya shigo wayarta:

"Raishata, don Allah kada a ƙara shan ruwa a jarkokin nan. Ina kan hanya."

Gabanta ya faɗi. Ta karanta, ta sake karantawa.

Ya iso ya durƙusa gaban mahaifinta, ita kuwa tana laɓe bayan zana.

"Baba, an canza mana kumfa, an kawo marar sinadarin fulorin. Tsohuwar ashe akwai sinadari a cikinta da ba ya ruɓewa. In ya shiga ruwa ko jikin mutum, sai ya yi shekaru. Wanki ba ya fitar da shi daga roba. Ina roƙon a bari a ɗebi ruwan rijiyar a auna."

"Rijiyar da ubana ya gina?" in ji Malam Mamman. "Kai ka kawo, kai kuma ka zo ka ce guba ce? Su auna. Amma maganar aure a ajiye ta."

Aka ɗebi ruwa aka tura nesa, aka shiga jira. Jira kuwa ba shi da daɗi. Makiyayan da ke shayar da dabbobi a wurin suka fara kaucewa. Ɗanmalam, wani ɗan kasuwar Belbeji da ya daɗe yana neman Raishatu, ya sami abin faɗi a kowace majalisa. Ita kuwa ko ƙaninta ya yi tari sai ta zargi ruwan. Ta rame, abinci ya daina shiga.

Ta rubuta masa: "Da ka yi shiru, wa zai sani? Tsoro nake ji, Ɗan Kumfa."

Ya amsa: "Ni zan sani, sanyin idona. Gara in rasa ki kina lafiya."

Ta yi kuka har ta gode Allah, don amsar ta ƙara mata son sa, kuma ba ta rage mata tsoro ba.

Sakamako ya zo ba yadda aka so ba. An sami sinadarin a ruwan, aka ce a rufe rijiyar. Malam Mamman ya ɗora mata itace da hannunsa. Raishatu ta shige ɗaki, ta ce shi ke nan.

Da aka fara ginin sabuwar rijiya can nesa da tsohuwar, sai ga Abdulhafiz ba tare da an gayyace shi ba. Duk ranar hutunsa yana cikin rami, yana cika guga da ƙasa. Malam Mamman yana jan igiya daga sama, ko gaisuwarsa ba ya amsawa da kyau. Raishatu kan kai abinci, ta ajiye, ta saci kallon tafukansa da suka farfashe, ta juya da sauri.

Ranar da ruwa ya ɓuɓɓugo, tsohon ya leƙa ramin.

"Kai, yaro. Wannan ma za a auna?"

"Za a auna, Baba, kafin kowa ya sha."

"In ya fito da matsala fa?"

"Sai in faɗa maka, mu sake wani ramin."

Malam Mamman ya miƙa hannu ya jawo shi waje.

"Wanda bai ɓoye mini wannan ba, ba zai ɓoye wa 'yata komai ba. Turo magabatanka."

Ruwan ya fito lafiya lau. Da shi liman ya yi alwala ranar ɗaurin aure, da shi aka yi wa amarya wanka. Da za a tafi da ita, Malam Mamman ya dafa kanta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ki riƙe shi da kyau, Raishatu. Na yi asarar rijiya, amma na sami ɗa."

Ta ce amin cikin mayafi, hawaye na zuba.