Yau Zai Buga

Ni na aike ta Suwame, unguwar makanikai, ta kai wa ubanta abinci, don haka alhakin a wuyana yake. Afriyie jikata ta tarar da wasu ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar katakon ubanta, Agya Ntim. Ta shure su.

"Mai ƙafa, ina mai mota?"

Gyamfi bakanike ya fito baƙi ƙirin da mai, haƙora kawai ke haske. Shi ke nan, yarinya ta manta da miya.

Aikin da yake yi wa motar shi ne abin tsoro. Ya cire karanshaf, sandar da ke juyawa cikin inji, ya sa mai dogon hannu, wai don fistin ya riƙa zurfafawa, inji ya ja lodi kamar giwa. Wuni guda yana goge cikin injin kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Opoku mai sayar da kayan gyara, wanda ya daɗe yana son yarinyar amma bai taɓa kawo min ko doya ɗaya ba, ya zo har gida.

"Nana, injin nan a hawan dutsen Kwahu zai buga. Motar ta gangaro da baya, sai rami."

Uban yarinyar ma ya ce, "Mai wasa da raina ba zai samu 'yata ba. Sai na gani."

Motar ta shiga hanya. Duk tafiya, Afriyie ba ta cin abinci.

Ranar da Ntim ya ɗauki lodi mafi nauyi, da hantsi saƙon Gyamfi ya shigo wayarta. Ta karanta min:

"Zinariyata, na tabbatar. Yau kafin yamma zai buga. Ki yi ƙarfin hali."

Ta kira Gyamfi, waya a kashe. Uban kuwa ba ya ɗauka in yana tuƙi.

"Nana, ya sani! Ya sani ya bar Baba ya tafi!"

Ni da na binne miji da ɗa, ranar a bakin ƙofa na wuni. Duk motar da ta wuce sai mu miƙe. Fufu ya sandare a turmi.

Rana ta karkata, aka buga ƙofa. Sau uku, a hankali. Na leƙa: dattawa huɗu sun yafa zane, fuska ba dariya. Haka ake kawo labarin mutuwa. Afriyie ta zube.

Babbansu ya ce, "Ni kawun Gyamfi ne. Mun ga fure a gidan nan, mun zo buga ƙofa, neman aure."

Sai ga kwalaben gaisuwa. Sai ga Ntim a bayansu, da ƙurar hanya a kansa, yana washe baki. Ashe shi da Gyamfi sun gama magana tun jiya. Ya ce:

"Motar ta hau kamar ba ta ɗauko komai ba!"

Gyamfi ya leƙo daga ƙarshe.

"Kawu nake nufi zai buga, masoyiya. Wayar kuma caji ya ƙare."

"Bakanike guda, ka rasa kalmar da za ka rubuta sai wannan?" Tana kuka tana dukan ƙirjinsa.

Ban karɓi kwalba ba sai da ya durƙusa ya wanke min rai da ƙwai da farar tunkiya, bisa al'adarmu. Tsoro ma abu ne da ake biya.

Aka ɗaura aure bayan girbi, amarya a gaban motar ubanta. Allah ya zaunar da su, ya ba su 'ya'ya masu iya magana.