Rubuta Haka, Ramlatu

"To ni yanzu me kike so in gaya wa dattawa?"

Ramlatu ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da sharar harabar coci, kai ka ce ganyen darbejiyar nan ne ya yi mata laifi.

"Ramla, da ke fa nake magana!"

"Na ji ka, Yaya Isiyaku. Ka ce musu... ka ce su nema maka wata."

"Wata?" Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shekara uku ina zarya ƙofar gidanku, har karen unguwa ya daina yi mini haushi, yau ki ce wata?"

"To ya zan yi da Baba Tsoho? In sa shi a buhu in ɗauka?"

Nan fa gizo ke saƙar. Isiyaku ya gama makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, dattawan cocin Kafin Ɗorawa, wani ƙauye a bayan Rurum, sun zaɓe shi ya je ya buɗe sabon coci a Unguwar Maƙera ta ƙasar Kibiya. Gida shida ne a can suke tako ƙasa kowace Lahadi, tafiyar awa biyu, da goyo da tsofaffi. Amma dattawa suna da doka guda, ba sa tura gwauro. Mai bishara iyakarsa zaure, matarsa ce mai shiga cikin gida wurin mata, balle a 'yan shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a, kowane magidanci ya ƙara tsare ƙofarsa. Ko dai ya tafi da mata kafin ruwa ya sauka, ko a tura wani.

Ita kuwa Ramlatu tana da shekara huɗu mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta yi aure a Tudun Wada. Kakanta Baba Alu, wanda take kira Baba Tsoho, da matarsa Jummai suka raine ta. Jummai ta rasu, yanar ido ta makantar da tsoho shekara uku ke nan, gidan ya rage daga shi sai ita.

"Ina sonki, Ramla," Isiyaku ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Allah ne shaidata, ban taɓa hango kaina a can ba tare da ke ba."

"Ni ma ina sonka, shi ne ma abin da ke cin raina. Amma mutumin da ya goye ni a bayansa, yau ya makance in juya masa baya? Haba, Yaya!"

"Sun ba ni zuwa ranar biki. Lahadi biyu ke nan."

"Allah ya ba ka wadda ta fi ni..."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta wuce da sauri. Sai da ta sha kwanar rumbunan gidan fasto sannan ta bar hawayen suka zubo.

Bikin da yake nufi shi ne na cikar cocin shekara arba'in. Cikin waɗanda suka kafa shi Baba Alu kaɗai ya rage, don haka fasto ya ba Ramlatu littafi da biro, ya ce ta rubuta tarihi daga bakin kakanta, ita za ta karanta a gaban jama'a. Kullum da hantsi sukan zauna a rumfar tsakar gida, yana faɗa tana rubutawa.

Ran nan ya kurɓi kunu ya ɓata fuska.

"Uwargida, yau kunun nan ba tsamiya. Ko hankalin ya tafi wurin ɗan siririn nan da ke son ƙwace mini mata?"

"Kai dai Baba Tsoho, sha kununka. Wa zai ƙwace ni ina da kai?"

"Ato! Ki dai gaya masa ni ma a zamanina an yi rububina. Ina muka tsaya?"

"A gindin ɗorawa."

"Yawwa. Rubuta, mu biyar ne a shekarar sittin da huɗu. Ni da kakarki, da Tanko da matarsa, da Ɗanjuma makaɗi. Littafinmu Mai Tsarki guda ɗaya tak, wanda na zo da shi daga cin rani a Jos. Ni kaɗai na iya karatu, shi ma ina yi ina tuntuɓe. Muka yi rumfar kara, iska ta kwashe ta sau biyu. Muka yi ɗakin ƙasa mai jinka, mata na ɗebo ruwa daga rafi, mu muna kwaɓa. Kwano bai hau ba sai a tamanin da biyu. Yau in an buga ƙararrawa mutum ɗari biyu ne da ɗoriya, har benci ba ya isa."

Biro na ta gudu, shi kuwa yana lumshe idon da ba ya gani.

"Ki kuma rubuta, shekarar da aka ce ga shari'a nan, wasunmu suka tsorata suka fara ɗaure kaya. Ƙanena Hammadu ya bi su gida-gida yana cewa, ina za ku? A nan aka binne cibiyarku, a nan aka binne tawa. Ko mutum ɗaya bai tashi ba."

Kamar an kira shi, sai ga sallamar Malam Hammadu daga ƙofa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Baba Alu. Shi Hammadu ya musulunta tun yana saurayi, yanzu shi ne limamin unguwa, shi ke riƙe da babban gidansu mai cike da 'ya'ya da jikoki. Kullum in ya tashi daga karatun safe sai ya leƙo ya gai da yayansa, kullum kuma sai ya ce masa ɗakinka na nan a share. Amsar dai ɗaya ce, na gode.

Kowa a Kafin Ɗorawa ya san dalili. Mahaifinsu Bamaguje ne na gidi. Wata shekara da kaka ya ce Alu ya riƙe masa akuyar da za a yanka wa tsafin gida, Alu ya ce shi ya bar wannan. Tsoho ya wurgo masa tabarmarsa waje, ya ce kada ya ƙara kwana masa a gida. Alu ya ɗauki tabarma ya ce ba zai ƙara ba. Uban ya mutu, ƙasa ta cinye shi, amma maganar ba ta mutu ba. Gaisuwar biki ko ta mutuwa, Baba Alu iyakarsa zaure. Taurin kai irin na gidansu, a kan dutse ma sai ya yi tsiro.

"Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Hammadu. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi." Malam ya zauna a bakin tabarma, ya dubi Ramlatu, ya dubi ƙasa. "Jiya a kasuwar Rano na haɗu da mahaifin Isiyaku. Ya ce 'yar nan ta sallami ɗansa."

Ramlatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Baba Malam, don Allah..."

"Yi shiru, 'yata. Yaya, ni ban taɓa sa muku baki a addini ba, naku naku, namu namu. Amma wannan maganar jini ce. Za ka tsofar da jikarka a gida saboda fushin da kake yi da wanda ya shekara talatin a kabari? Ni dai na faɗa, in na yi laifi ka yafe mini."

Ya miƙe ya sa takalmansa ya fita, bai ma yi zancen ɗakin ba.

Kaza na tono a gindin rumbu. Kunu ya huce a kwano. Sai tsoho ya kira ta da sunanta na yanka, abin da ta manta rabon da ta ji daga bakinsa.

"Ramlatu."

"Na'am, Baba Tsoho."

"Akwai abin da na tsallake miki. Ranar da aka kore ni, uwar Jummai na kwance ba lafiya, ita kaɗai ce 'yarta. Jummai ta ce ba za ta biyo ni ba. Tsohuwar ta ce mata, tashi ki bi mijinki, ni Allah ya ba ni maƙwabta. Da ba ta biyo ni ba, da har yau mu huɗu ne a gindin ɗorawa. Ita ta shiga gidaje, ita ta karɓi haihuwa, ita ta koya wa mata waƙa. Ni wa'azi na yi, kakarki ce ta yi coci."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Buɗe sabon shafi. Rubuta haka..."

Ya faɗa a hankali, kalma bayan kalma. Tun kafin ya kai rabi ta ajiye biron ta fashe da kuka.

"Ba zan iya ba, Baba Tsoho! Wallahi ba zan iya ba!"

"Ke kika kafa cocin ko ni? Tarihina ne, rubuta na ce. Kuma kada in ji a bakin kowa sai ranar biki."

Ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan takarda.

Ranar biki coci ya cika ya batse, har an jera benci a waje. Zumuntar mata sun yi anko suna kaɗa tulu, mutanen Unguwar Maƙera sun iso da ƙura har gwiwa. Isiyaku na can cikin mawaƙa kansa a sunkuye, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ramlatu ta hange shi, zuciyarta ta yi mata nauyi don tausayi.

Fasto ya kira ta. Ta karanta ɗorawa da rumfa da ɗakin ƙasa, aka yi ta tafi. Da ta ambaci Jummai, tsofaffin mata suka shiga share ido da bakin zani. Sannan ta juya shafin ƙarshe.

"A shekara ta dubu biyu da huɗu, Alu ɗan Bawa ya roƙi gafarar ikilisiya, domin ya shekara arba'in yana koya muku yafiya, shi kuwa bai yafe wa mahaifinsa ba. Yau ya yafe. Daga yau ya koma gidan ubansa, wurin ƙanensa Malam Hammadu."

Jama'a suka juyo suna kallon Baba Alu, ita kuwa ta ci gaba.

"A wannan shekara kuma cocin Kafin Ɗorawa ya haifi ɗa a Unguwar Maƙera. Mai bishara Isiyaku aka tura, shi da matarsa... shi da..."

Isiyaku ya ɗago kai a firgice.

Daga bencin gaba Baba Alu ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ƙarasa mana, uwargida! Mu Kirista ba ma saki, amma yau na sake ki!"

Dariya ta ɓarke, ita ma ta yi, ga hawaye shaɓe-shaɓe.

"...shi da matarsa Ramlatu."

Guɗa ta tashi har kwanon coci na amsawa.

Da aka tashi, Isiyaku ya kutso cikin jama'a ya tsaya gabanta, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ramla... da gaske ne, masoyiyata?"

"Ka dai ji da kunnenka, a tarihi yake. Ni na isa in goge?"

"Na gode... Allah, na gode maka!"

Can bakin ƙofar harabar, Malam Hammadu na tsaye da farar rigarsa da carbi a hannu. Tun da safe yayansa ya aika masa cewa ya zo ya jira shi, bai gaya masa dalili ba. Wata tsohuwa ce ta ruga ta fesa masa labarin, sai ga dattijo guda yana kuka a bainar jama'a ba ko kunya.

Ramlatu ta miƙa hannu za ta kama bakin sandar kakanta ta ja shi gida. Ya laluba ya riƙe hannun nata, ya ɗan matsa shi, sannan ya cire shi daga sandar a hankali.

"Ya isa haka, 'yar albarka. Kin yi naki." Ya ɗaga murya. "Hammadu, kana ina? Zo ka kai ni gida."

Malam ya matso ya kama sandar. Tsofaffin biyu suka bi hanya, ƙane a gaba, wa a baya. Ramlatu ta bi su da ido har ƙofar babban gida. A zaure Baba Alu ya ɗan tsaya kamar mai tuna wani abu, sannan ya sa kai ya shige ciki.

Sati uku bayan nan aka ɗaura aure, washegari ruwan farko ya sauka. Ranar da za a kai ta Unguwar Maƙera, a cikin babban gidan ta je ta durƙusa ta yi wa kakanta sallama. Ta same shi zaune a ƙofar ɗakinsa, jikokin Hammadu sun kewaye shi, yana yi wa matar gidan tsiya wai kununta ba tsamiya. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta tashi ta bi mijinta.