Saƙon Murya Daga Bakin Tanderu

"Kelin! Gurasar nan sai an kira azahar za ta fito ne?"

"Saura biyu, Oyijon, ga ni nan!"

Sarvinoz ta amsa wa uwar mijinta, hannunta na cikin tanderu har kafaɗa, gumi na bin wuyanta. Shekara biyu ke nan da aka kawo ta wannan gida na garin Margilon, kuma duk wadda ta yi zaman kelin, wato matar ɗa, a gidan surukai ta san zancen: ke ce farkon tashi ki share ƙofar gida har bakin titi, ke ce ƙarshen zama. Mijinta Asliddin yana can ƙasar waje, birnin Kazan, wajen aikin gini, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Uwarsa Hurmatoy ba muguwa ba ce, amma in ta ga waya a hannun matar ɗanta sai ka ce maciji ta gani.

Abin da ba ta sani ba shi ne, wayar tana cikin aljihun Sarvinoz kullum, kuma aiki take yi. Akwai wani zaure a Telegram mai suna Zauren Tawada, na mata dubu uku masu rubuta labaran soyayya da masu karantawa. Dokarsu biyu ce: ba a faɗin sunan gaskiya, ba a kuma nuna wa bare cikin zauren, domin rabinsu a ɓoye suke rubutu. Sun raba kansu gida biyu, masu baki da masu yatsu. Wadda aiki ya hana ta zama sai ta faɗi labarinta a saƙon murya, wadda ke da lokaci ta buga mata shi. Mai buga wa Sarvinoz wata dattijuwa ce a Kokand, tsohuwar sakatariya da ciwon ƙafa ya zaunar. Ba su taɓa ganin juna ba, amma babi arba'in suka fitar tare, kuma duk ranar da babi ya makara sai zauren ya cika da ƙorafi.

Ran nan babi na arba'in da ɗaya ake jira, inda yarinyar labarin za ta buɗe baki ta furta soyayyarta a karon farko. Sarvinoz ta leƙa, ta ga tsohuwa ta shige ɗaki. Ta ciro waya, ta sassauta murya yadda ya kamata:

"Jahongir-aka, na gaji da ɓoyewa. Kullum ka wuce ƙofar gidanmu tsintsiya ce a hannuna, amma zuciyata tana bin bayanka. Ka zo ka ɗauke ni, ko ina ne na yarda!"

Yatsunta duk ƙullu, sai ta danna da gwiwar yatsa, ta mayar aljihu tana murmushi. Ba ta duba ba. Saƙon bai je Kokand ba, zauren dangin mijinta ya faɗa, mai mutum hamsin da biyu.

Ko gurasar ba ta huce ba aka banko ƙofar gida. Mastura ce, ƙanwar Hurmatoy, mayafi a karkace, waya a sama kamar ta kamo ɓarawo. Ita dama tun ranar ɗaurin aure take cike, don 'yarta ta so Asliddin ya aura.

"Opa, yayata! Fito ki ji abin da kike ciyarwa a gidanki!"

Ta kunna. Muryar Sarvinoz ta cika tsakar gida. Tiren gurasa ya kusa suɓuce wa Sarvinoz. Ta yi saurin gogewa daga zauren, amma ina! Mastura ta riga ta tura wa rabin unguwa.

"Wane ne Jahongir?" Hurmatoy ta tambaya.

"Babu shi, Oyijon, wallahi babu shi! Labari ne nake rubutawa, sunan mutumin cikin labarin ne."

Mastura ta tafa hannu. "Labari! To mun ji. Buɗe wayar mu ga labarin, mu ga da su wa kike yinsa."

Nan Sarvinoz ta tsaya. In ta buɗe, magana ta ƙare, ta wanku. Amma Mastura ba ta iya riƙe magana ko ta minti biyar, kuma cikin zauren akwai hotuna da lambobi da muryoyin matan da in aka gane su, abin da zai same su sai ya fi nata. Ta rungume wayar a ƙirji.

"Ba zan iya ba. Amana ce, ba tawa ni kaɗai ba."

"Kin ji ko, opa? Amana!"

Hurmatoy ta zauna a kan gadon katakon da ke ƙarƙashin inabi, ta rufe fuska. Can ta ce ba tare da ta dube ta ba, "Haɗa kayanki ki je gidanku."

Kwana biyu Sarvinoz ba ta ci abin kirki ba. Mahaifiyarta na kuka, mahaifinta ya daina zuwa shagon shayi saboda idon mutane. A rana ta uku, lokacin hutun aiki, Asliddin ya kira. Ta ji ƙarar injin siminti a bayansa.

"Asliddin-aka, ka saurare ni, wallahi..."

"Na san ba ki da kowa," ya katse ta. "Na san wadda na aura. Ba wannan ke cina ba."

"To mene ne?"

Ya matsa nesa da ƙarar injin, sannan ya ce:

"Shekara biyu ina nan ina kwana da mutum takwas a ɗaki ɗaya. In na kira ki, me kike ce mini? Oyijon lafiya, saniya lafiya, an biya kuɗin wuta. Ashe kin iya irin wannan magana! Kin iya, sai dai mutumin da babu shi ne ya samu, ni ban samu ba."

Ta fashe da kuka. Gaskiya ya faɗa. Ta taso ne a kan mace ba ta faɗa wa mijinta irin wannan, sai ta kwashe duk ta zuba a labari.

Can gidan kuwa Mastura ta tasa yayarta gaba. "Me ake jira? Ai saki kalma ce, ya faɗa a waya, kowa ya huta. Haka ɗan maƙwabtanmu ya yi daga Mosko." Hurmatoy ta kira ɗanta ta faɗa masa haka. Ya ce, "Oyijon, ba a waya na aure ta ba, ba kuma a waya zan yanke komai ba. Ranar Juma'a ina hanya." Aka tsayar da Juma'a bayan la'asar, gaban matan dangi da na unguwa.

Sarvinoz ta shiga Zauren Tawada ta yi sallama da su a taƙaice. Ta ce ta tura babi inda bai kamata ba, aurenta na rawa, labarin ya tsaya nan, su yafe mata. Ba ta faɗi suna ko unguwa ba, ba ta roƙi kowa komai ba. Ta kashe wayar ta jefa cikin akwati.

Ranar Juma'a tsakar gidan Hurmatoy ta cika. Asliddin ya iso da rana, ya rame, ya zauna daga bakin baranda kansa a ƙasa. Sarvinoz na tsaye gefen mahaifiyarta. Mastura ta karɓe taron, ta kunna saƙon har sau biyu, wai don waɗanda ba su ji da kyau ba.

Ana haka aka ji motoci sun tsaya a ƙofa. Mata ne suka fara shigowa, su goma sha ɗaya, kowacce da gurasa a ƙunshe kamar yadda baƙo na mutunci ke yi. Huɗu daga ciki suna ɗauke da kujera, a kanta wata tsohuwa mai tabarau, ta rungume jakar takardu.

"Assalamu alaikum. Sunana Mukaddas, daga Kokand. Shekara uku ban sauko daga hawa na huɗu ba, yau 'ya'yan nan suka sauko da ni kamar buhun shinkafa. Wacce ce 'yata a cikinku? Ban san fuskarta ba. Yi magana in ji ki."

"Mukaddas-opa..." Sarvinoz ta faɗa da ƙyar.

"Ita ce! Zo nan, yarinya."

Mastura ta sha kunu. Ta ɗauki butar shayi ta cika wa baƙuwar kofi har baki, wanda ko yaro ya san ma'anarsa: sha ki kama hanya. Mukaddas ta dubi kofin ta yi dariya.

"Ki rage, ƙanwata, zama na zo yi."

"Su wane ne ku? Wa ma ya nuna muku gidan?"

"Ni ce." Wata daga cikin matan ta cire baƙin tabarau daga fuskarta. Tsakar gida ta ɗauki salati, don Shoira ce mai kantin magani a bakin layin nan, matar da ko dariya ba a cika ganin ta yi ba. "Saƙon da kika turo mini, Mastura-opa, ina ji na gane babi na arba'in da ɗaya ne. Shekara huɗu ina rubutu a zauren nan, mijina bai sani ba sai jiya da na faɗa masa da bakina. Yarinyar nan ta yarda aurenta ya mutu don kada asirinmu ya tonu. To mu goma sha ɗayan nan mun tona da kanmu."

Mukaddas ta zube takardu a kan shimfiɗa, babi arba'in, kowanne da ranar da ta buga shi. Mastura ta taɓe baki ta ce takarda ai kowa na iya bugawa.

"Gaskiyarki. To ga abin da ba a bugawa."

Ta kunna saƙon babi na uku. Muryar Sarvinoz ce, tana ba da labarin Jahongir a kasuwar siliki, a bayanta kuma ƙarar tsintsiya, shar, shar. Sai wata murya ta ratso daga nesa: "Kelin! Shayi!" "To, Oyijon, ga shi nan!" Labari ya tsaya, aka ji takun gudu.

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Mukaddas ta kunna na goma sha biyu: ana tatsar saniya, Jahongir na rantsuwa da soyayya. "Kelin! Ina maganina?" "Yanzu, Oyijon!" Na ashirin da bakwai: ruwan wanki na zuba, muryar ta dishe da mura. "Kelin! Bayana!" "Bari in wanke hannu in zo in matsa miki, Oyijon."

Dariyar ta mutu. Mukaddas ta kashe wayar, ta dubi Hurmatoy.

"Baiwar Allah, ni na fi kowa sanin muryarki. Saƙo ɗari biyu da wani abu ke cikin wayar nan, da wuya ki sami wanda ba ki kira ta a ciki ba. Ba ta san za a ji ba, don ni nake yanke wurin in na buga. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba, ko sau ɗaya. Wadda ke da wani a waje, ki faɗa mini yaushe ta sami lokacinsa?"

Hurmatoy ta miƙe da ƙyar, hawaye na bin kumatunta. Ta ratsa mata har gaban Sarvinoz, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Haka nake kiranki? Duk yini?"

"Ba komai, Oyijon."

"Da komai. Ki yafe mini, 'yata." Ta juya ga ƙanwarta. "Ke kuma Mastura, duk wanda kika tura wa na farko, ki bi shi gida ki faɗa masa na biyu. Da ƙafa, ba a waya ba!"

Guɗa ta tashi. Matan zaure suka rungume Sarvinoz ɗaya bayan ɗaya, kowacce na faɗin sunan da take amfani da shi, ana ihu ana "Ashe ke ce!" Hurmatoy da kanta ta zubar da shayin nan, ta zuba wa Mukaddas ɗan kaɗan a gindin kofi, alamar a zauna a daɗe, hannu a ƙirji. Har ta sunkuya ta tambaye ta a hankali ko Jahongir ɗin nan zai auri yarinyar.

Amma Sarvinoz ta san saura mutum ɗaya. Ta same shi bayan gida wajen bishiyar rumman, yana karya ƙaramin reshe da yatsa. Ta matsa kusa da shi.

"Asliddin-aka."

"Na'am."

"Saƙon nan... duk abin da yarinyar labarin ta faɗa wa Jahongir, kai nake gani in ina faɗa. Kunya ce ta hana ni, ban san ina cutarka ba." Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. "Ina sonka. Ranar da ka tafi ban iya share ƙofar gida ba sai da na yi kuka. In za ka koma ka tafi da ni, in ba hali ka riƙa kira, zan faɗa maka kullum har ka gaji."

Ƙaton mutumin nan mai ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa sai ga shi yana share ido da bayan hannu.

"Sake faɗa," ya ce. "Daga farko."

Ta sake faɗa, ba ta rage ko kalma ba.

'Yan'uwa, wanda ya riƙe amanar mutane ranar da riƙon ke da tsada, Allah ba ya barinsa shi kaɗai, sai Ya turo masa masu tsaya masa daga inda bai zata ba. Kada kuma a yanke wa mutum hukunci da magana guda da aka tsinta. Ke kuma da kike da daɗin baki a rubutu, ki tuna akwai wanda ya fi masu karatu dubu uku buƙatar ji, kuma shi ba ya cikin zaure, yana cikin gidanki.