Tsibin Duwatsu Uku a Bakin Kwazazzabo

Sawun diloli ne ya kai Bihi, mai masaukin kan dutse, ga gawar. Hammu mai gadin daji yana kwance a gindin kwazazzabo, dusar ƙanƙara ta rufe shi har ƙirji, madubin hangen nesansa na rataye a wuya. Kafin azahar Sajan Yamna ta jandarma ta iso daga Imlil. Alfadari ya kawo ta inda ƙanƙara ta fara, sauran ta taka da ƙafa.

Shekara ashirin da shida Hammu yana bin wannan hanya yana ƙirga ragunan dutse. Irinsa ba ya faɗawa rami don kawai gajimare ya sauko. Bihi ya nuna mata dalili. Tsibin duwatsu uku da ke nuna hanya a saman masauki an kwashe su, an sake tara su can hagu, a jere, har bakin kwazazzabon. Wanda ya bi su cikin hazo, na ukun ne ƙarshen tafiyarsa.

Ta zauna da mutanen masaukin a ɗakin murhu, inda barguna ke jibge a kan dakalin kwana. Baƙi biyu ne suka kwana, malaman makaranta daga Rabat. Tsayin dutse ya kayar da su, jiya tun hantsi suna kwance suna amai, Bihi na dafa musu shayi. Shi kuwa Bihi hannunsa na dama a ɗaure yake, ya karye tun makon jiya, kuma kowane dutsen gindin tsibi sai da hannu biyu. Saura Idir, jagoran baƙin.

"Kun yi faɗa da marigayi?"

"Mun yi, ranki ya daɗe. Ya hana ni kai baƙi kusa da raguna."

"Jiya da rana ina kake?"

"Na fita duba hanyar gabas. Ni kaɗai."

"Wa ke gyara tsibin nan duk shekara?"

Idir ya dubi ƙasa ya ce shi ne. Da ta sanar ta rediyo, shugabanta ya ce ta sauko da shi gobe a ɗaure, magana ta ƙare. Idir bai yi musu ba, sai ya roƙi Bihi ya gaya wa matarsa, wadda cikinta ya tsufa, cewa baƙi ne suka riƙe shi.

Yamna ta koma sama ita kaɗai. Garken raguna bakwai suna tsaye a kan gaɓa suna kallonta, babbansu gemunsa har gwiwa. Suka juya suka bi tsohuwar hanya, inda da tsibin suke. Ita kuwa ta nufi waɗanda aka sake tarawa, ta share ƙanƙarar da ke kan na farko. Jagorori farin dutse suke ɗorawa a kai, don a hango shi cikin hazo. Wannan kuwa dogon dutse aka tsayar masa, aka tokare da ƙanana biyu kamar kafaɗu. Na biyu haka, na uku haka. Ta daɗe a tsugune, sanyi na cin yatsunta.

A masauki ta tambayi Bihi ko wani ya zo jiya ya koma. Ya ce babu, sai dai Baba Assu da ya kawo nono kamar kullum, shi kuwa ai ba baƙo ba ne.

Bukkar Assu tana ƙasa, tafiyar rabin awa. Ta same shi a bakin garke, awakin da suka rage masa ba su kai ashirin ba. Ya ce, "'Yar Itto, kaki ya hana ki gaisuwa?" Itto sunan mahaifiyarta ne. Ta gaishe shi, ta sumbaci kansa. Ya gutsuro mata burodin sha'ir, ya turo kwanon man zaitun. Ba ta taɓa ba.

Ta ce tun da Hammu ya kore shi daga kiwon sama saboda raguna, ta ji labarin cewa yunwa ta kashe masa rabin garke. Ya ce fiye da rabi. Ta ce ta san Idir bai taɓa kiwo ba, ɗan mai shago ne, hannunsa bai san tsibi ba sai na hanya. Makiyayi ne kaɗai ke tsayar da dutse da kafaɗu, don dila ya hango ya ɗauka mutum ne. Wanda ya shekara sittin yana tarawa haka, ko sauri yake, hannunsa zai yi abin da ya saba.

"Makiyaya sun fi ɗari a kwarin nan," in ji shi.

"Duk sun sauka da sanyi, Baba. Kai kaɗai ka rage. Kuma ƙaramin dutsen hagu da ake kwantarwa a karkace, kai ka koya mini shi, shekarar da nake bin awakin mahaifiyata."

Assu ya dubi hannayensa. Ya ce so ya yi Hammu ya ɓata, ya kwana a waje, ya ɗanɗani abin da awakinsa suka ɗanɗana. Ta tambaye shi me ya sa ya kai na ukun har bakin rami. Sai ya juya ya dubi awakinsa.

Ta kira Bihi ta rediyo ta ce ya sallami Idir ya tafi wajen matarsa. Tsohon ya ɗauki bargonsa da sandarsa, ya tsaya a ƙofar garke.

"Wa zai tatse su da yamma?"

Yamna ta ajiye ankwar a kan katanga, ta naɗe hannun kakinta, ta ɗauki ƙwaryar tatsa.