Ramin Ƙarshe a Farantin Habsu

Ana shirin kiran magariba na rufe tagogin ɗakin gwajin asibitinmu a Anka, na kashe fitila. Ba son duhu nake ba. Maganin ne ba ya son haske: minti goma sha biyar zai yi a lulluɓe kafin ya nuna.

Gabana faranti ne mai ƙananan ramuka casa'in da shida, ɗauke da jinin yara arba'in daga ƙauyen Duza, inda ake haƙar zinari. Furotin nake aunawa, wanda ke nuna ko gubar dalma ta taɓa ƙoda. Wannan ne kwalin gwaji na ƙarshe, hanya kuma ta ƙi biyuwa balle a kawo wani. Ramin ƙarshe ba a sa masa jini, don da shi ake gwada sauran. Ya ɓaci, duka sun ɓaci.

Minti na huɗu na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta ramin zinari. Sai ƙarar niƙan dutse, a hankali, a bayana.

"Habsu," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. Mace ce. Ƙofa kuwa na sa mata sakata.

"Mi kike so?"

"Ɗana na ciwo. Mutanenku sun haƙe muna gida, ƙura ta kama shi. Ga rame nan kin bari. Ɗiga jininshi."

Wallahi na ji tausayinta. Tsoro ma na ji. Amma uwaye arba'in ne suka danne 'ya'yansu na soka musu allura.

"Maganin ga jinin ɗan Adam kaɗai ya sani," na ce. "Ba shi yi miki komi."

"Buɗe."

"Ba ni buɗewa."

Niƙan ya tsaya.

Na kifa ƙirjina a kan farantin, ina Ayatul Kursiyyu. Wani hannu mai sanyi ya damƙe wuyan hannuna na hagu.

Ya matsa.

Na ji ƙashi ya yi ƙas.

"Karya shi!" na ce. "Ko ke ce uwar aljanu, ba ki taɓa ramen ga!"

Agogo ya buga, minti goma sha biyar sun cika. Da hannun dama na yaye murfin, na bi ramukan da ruwan da ke tsayar da aikin maganin, ina kuka, ina zagi. Sai da na gama na lalubo makunnin fitila.

Ba kowa. Laka ce kawai a sumunti. Ramukan yara sun yi rawaya, na ƙarshe fari tas: gwajin bai ɓaci ba.

Hannun bai sake moruwa ba. Mahaifiyata ta ce in bar aikin, na ce ɗayan ma ya isa. Yara goma sha ɗaya ne ƙodarsu ta taɓu, kuma a makon aka fara musu magani. Tara sun tashi.