Harafin da Ya Tona Ɓarawon Nargis

Sufeto Tasawwar Gondal ya dawo daga masallacin Juma'a, ya kai loma ta biyu kenan daga farantin shinkafar biryani, sai Saje Ditta ya leƙo ofis yana danne dariya.

"Yallaɓai, an yi sata a hanyar Adiala. An ɗauke Nargis."

Gondal ya ajiye cokali. "Shekarunta nawa?"

"Shida, Yallaɓai. Ga tsohon ciki."

"Ditta, ka fara shaye-shaye ne?"

"Karya ce fa, Yallaɓai. Karyar Begum Kiyani."

Ran Gondal ya ɓaci. Tun yana kurtu wani kare ya yage masa wando a gaban 'yan kasuwa, daga ranar shi da kare sai kallo daga nesa. Amma sunan babbar uwargida Begum Farhat Kiyani ba abin turawa gefe ba ne. Shekara arba'in gidanta na kiwon karnukan Jamus, irin na makiyaya masu tsayayyun kunnuwa, tun mijinta Manjo Kiyani yana raye. Haihuwa ɗaya take bari a shekara, kuma kafin ta sayar maka da kwikwiyo sai ta yi maka tambayoyin da ko caji ofis ba a yi.

Sun samu Begum a gidanta, tsaye a bakin kejin da babu kowa, ta dogara sanda. Karnuka shida suka ɗauki haushi, Gondal ya koma bayan Ditta ba tare da ya sani ba.

"Sufeto Sahib, saura kwana huɗu ko biyar ta haihu," in ji Begum. "Haihuwarta ta baya da ƙyar muka ceto ta. In naƙuda ta kama ta a hannun wanda bai san ta ba, gawarta za ku kawo mini."

Gondal ya ji tausayinta ya kama shi.

Ya duba kwaɗon. Ba a fasa ba, da mabuɗi aka buɗe.

"Su wa ke da mabuɗi?"

"Ni da Baba Sardar mai kula da su. Na uku yana rataye a ɗakin magani."

"Kina ina?"

"Gidan ƙanwata, kamar kowace Juma'a."

Baba Sardar tsoho ne siriri, shekara talatin da ɗaya yana wanke kejin gidan. Ya ce ƙarfe ɗaya ya tafi masallaci, yana faɗa yana kallon ƙasa. Matar maƙwabci kuwa, wadda ba abin da ke wuce tagarta, ta ce tun sha ɗaya ta ga fitarsa. Ta kuma rantse yini guda ba ta ji haushin kare ko ɗaya ba, sai da 'yan sanda suka zo.

"Ashe mu ne baƙin, Yallaɓai," in ji Ditta. "Ɓarawon ɗan gida ne."

Washegari suka je asibitin Dokta Shehryar Lodhi, likitan dabbobin da ke duba gidan tun rasuwar tsohon likitansu shekara biyu da suka wuce. Mutum ne mai ƙamshin turare da saurin murmushi. Ya aika aka kawo shayi da samosa.

"Jiya ina nan tun safe," ya ce. "Rabona da gidan Begum Sahiba mako biyu. Abin ya taɓa ni ƙwarai."

"Wa kake zargi?"

"Ni ba na son ɗaukar alhaki. Amma tsohon nan, Sardar, kwanakin nan yana yawan ɓacewa. Kun san talauci."

A mota Ditta ya ce, "Mu ɗaure tsohon kawai, kafin magariba zai amayar da komai."

"Wanda ya ce ba ya son ɗaukar alhaki ya miƙo mana mutum tun shayi bai huce ba," in ji Gondal. "Ja mu tafi."

Ranar Lahadi da hantsi Begum ta bugo waya ta ce su zo yanzu. A falonta suka tarar da wani malamin makaranta mai suna Master Irshad, da kwali a cinyarsa. A ciki wani kwikwiyo ne kwance, haƙarƙari a waje, ido duk kwantsa.

"Shekaranjiya da yamma na saye shi a kasuwar tsuntsaye, wajen wani dillali Billa," ya ce. "Tun jiya yake amai da zawo. Na zo ne don sunan gidan nan ne a takardar."

"Malami guda, ka sayi kare a kasuwa kamar tumatir?" in ji Begum. "Ba ka je ka ga inda aka haife shi ba?"

"Wallahi na ce sai na ga uwarsa. Suka buɗe bayan wata farar mota suka nuna mini ita. Na gane ta, na taɓa ganin ta a gasar karnuka. Na dai ga ta yi ƙiba."

Begum ta rufe ido. Gondal ya gane lissafin: masu saye sun waye, suna neman ganin uwa, shi ne aka sato uwar da kowa ya sani don a jingina mata 'ya'yan da ba nata ba.

Ya karɓi takardar shaidar asalin. Ta gidan ce ta gaske, hatimin ma na gaske.

"Ina kike ajiye takardun da hatimin?"

"Ɗakin magani. Ba ni in gani."

Ta sa tabarau ta karanta. Sai ta yi wata gajeriyar dariya mai ɗaci.

"Caesar! 'Yan'uwansa Cleo da Candy! Wane jahili ne ya rubuta wannan?"

"Me ya faru da sunayen?"

"Sufeto Sahib, a sana'ar nan kowace haihuwa da harafinta, duk 'ya'yan ciki ɗaya da harafi ɗaya sunansu ke farawa. Kowa yana bin A, B, C na Turawa. Manjo ya ce shi karnukansa a garin nan na Pindi aka haife su, harafin harshenmu na Urdu za su bi. Mun zagaye haruffan kaf mun dawo farko. Bara waccan Alif, su Aftab da Arzu. Bara Be, su Badal da Bijli. Wane yaro ne bai san bayan Be sai Pe ba?"

Gondal ya sake duba takardar. A rubutun boko Aftab da A yake farawa, Badal da B. Wanda ya ga haihuwa biyun nan kaɗai zai rantse C ce ke biye.

"Begum Sahiba, kada maganar nan ta fita daga falon nan," ya ce. "Gobe da safe ki kira mini Baba Sardar da likita."

Kafin la'asar Ditta ya tsamo Billa daga kasuwa. Billa ya rantse wani mai gemu ne da bai sani ba ya kawo masa karnukan, ya rantse bai taɓa ganin farar mota ba, ya rantse har rantsuwar ta ƙare masa. Ditta ya karɓi wayarsa ya bar shi a bayan kanta ya yi tunani.

Litinin da safe Gondal ya ja Baba Sardar gefe.

"Baba, in Nargis ta haihu, wane suna za a sa?"

"Pe ne ai, Sahib. Ni na zaɓi Pari da Parwaz." Idonsa ya ciko. "In Allah Ya dawo da ita."

"Ina ka je ƙarfe sha ɗaya ranar Juma'a?"

Tsohon ya ciro wani kati daga aljihu. Na asibitin ido ne.

"Yanar ido ce ta rufe mini ido ɗaya. Na ji tsoron in Begum Sahiba ta sani ta ce in je in huta. Ni kuwa in na bar karnukan nan, ina za ni?"

Gondal ya mayar masa da katin, ya dafa kafaɗarsa.

A falo Dokta Lodhi ya harɗe ƙafa yana kurɓar shayi. Gondal ya zauna kusa da shi kamar mai neman shawara.

"Likita, in an same ta ina sha'awar ɗa guda. An ce sunan da harafi yake tafiya. Wanne ne bana?"

"C mana. An yi A, an yi B."

Gondal ya ajiye takardar Master Irshad a kan tebur. Begum ta ce, "Pe ne, Dokta. Shekara biyu kana shan shayina, ba ka taɓa tambaya ba."

Murmushin likitan ya tsaya a rabin hanya. "Wannan ai kowa zai iya cewa C."

"Ba kowa ke shiga ɗakin magani inda mabuɗi da hatimi suke ba," in ji Gondal. "Ba kowa ke wuce karnuka shida su yi masa shiru ba. Mutum uku ne: biyu sun san Pe tun kafin ka gama makaranta."

"Zan kira lauyana."

"Kira shi. Ka gaya masa Billa yana hannunmu, lambarka sau goma sha ɗaya a wayarsa ranar Juma'a, kuma mun gano farar motar, da sunan ƙaninka aka yi mata rajista." Gondal ya matso, ya rage murya. "Kai likita ne, ka san kwanakinta sun cika. Yanzu sata ce a kanka. In ta mutu, sai na zaƙulo maka duk laifin da ke cikin kundin doka. Tana ina?"

Likitan ya ajiye kofin a kan faranti. "Tsohon gidan kaji, hanyar Chakri."

Wari ne ya fara tarbar su tun daga ƙofa. A cikin dogon rumbun kwano an jera kejin waya hawa biyu, na sama suna kashi a kan na ƙasa. Karnuka sun fi sittin, yawancinsu mata, nonuwa har ƙasa, gashi ya zube, wasu ko haushi ba sa iya yi. Ditta ya ja hularsa ya toshe hanci. Gondal ya manta da tsoronsa, fushi ya cika masa ƙirji.

"Nargis!" Begum ta kira.

Daga can ƙarshe aka ji wani siririn kuka. Tana kwance a kan buhu, tana haki, naƙuda ta riga ta kama ta. Gondal da kansa ya sa ƙarfe ya ɓalle kwaɗon. Baba Sardar ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, yana yi mata magana a hankali kamar 'yarsa.

An shigo da Lodhi da ankwa a hannu.

"Ni na ɗauke ta," ya ce, kansa a sunkuye. "Na san Juma'a gidan babu kowa. Takardun kuma tun bara nake zarar su ɗaya ɗaya. Mutane suna son sunan Kiyani, ba sa son jiran shekara. Na ga ita tana korar masu saye, na ce me zai hana in tare su a hanya." Ya ɗago ya dubi karyar. "Na farkon a gicciye yake. Ku kwance ni in taimaka."

Begum ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Hannun da ya tara wannan ƙazantar ba zai taɓa ta ba. Sardar, ci gaba."

"Begum Sahiba, idona ɗaya ba ya gani," in ji tsohon, bai ɗago ba.

"Na sani tun watan azumi, wawa. Da ido ake karɓar haihuwa? Yi aikinka."

Gondal ya fita ya buga waya aka turo motoci da likitocin ƙungiyar ceton dabbobi, ya ce ko kare ɗaya ba zai kwana a rumbun nan ba. Yana dawowa ya ga Baba Sardar ya ɗago wani ɗan baƙin abu jiƙe sharkaf, yana goge shi da rawaninsa yana hura masa hanci. Can sai abin ya motsa, ya tsala ƙara.

Ditta ya yi kabbara har kwanon rumbun ya amsa. Begum ta saki sandar, ta zauna daɓas a kan ƙasar mai datti, ta ɗora kan Nargis a cinyarta tana kuka tana dariya.

Gondal ya kama Lodhi a damtse ya juya shi wajen ƙofa.

"Mu je, likita. A hankali za ka taka, ka dubi kowane keji kafin mu kai mota."