Farfelar Da Ta Juya Ba Iska

A shekarun da ganuwar Kano ke tsaye da tsayinta, an yi wata yarinya a unguwar Dala. Lokacin lantarki bai iso lungunsu ba. Na so a ce kun ga lungun nan. Kowa ya san kowa, tuwon gida ɗaya kan zaga gida biyar.

Babanta, Malam Gwadabe, bakanike ne. Ya samo dinamo, wato injin ba da wuta na tsohuwar mota. Ya sassaƙa farfela da katako, ya haɗa su, ya kafa a kan soro. Wayoyi biyu suka sauko zaure, ja da baƙa. In iska ta kaɗa, farfela ta juya, sai wuta ta bi waya ta shiga batir. Da batirin nan ake kunna rediyo, kuma ita kaɗai ce a lungun.

Ya ba 'yarsa aiki guda. Ya ce, "Ki riƙa duban dabinon can. In ganyensa ya tsaya cik, ki cire jar waya daga kan batir. In iska ta dawo, ki mayar."

Ta ce, "To, Baba."

Ba ta tambayi dalili ba. Shi kuwa mutum ne da maganarsa ba ta da yawa, bai faɗa ba.

Ran Litinin wasiƙa ta zo daga ƙanen Baba, Ɗantani. Shekararsa uku yana aikin jirgin ƙasa a Ikko. Ya ce gidan rediyo ya ɗauki gaisuwarsa, za a sa ran Juma'a bayan la'asar. Kakar yarinyar, 'Yardada, ta sa aka karanta mata har sau uku. Idonta ya yi rauni. Ba abin da take so irin ta ji muryar autanta.

Ran Laraba iska ta ɗauke. Yarinya tana can tana carafke, ta manta da jar waya. Da ta ɗaga kai, sai ta ga abin mamaki. Ganyen dabino ko motsi ba ya yi, amma farfela tana ta juyawa!

Ta ruga ta kira ƙawayenta, Asibi da Ladi.

Ta ce, "Ku zo ku gani! Tamu ba ruwanta da iska."

Asibi ta ja da baya. "Wallahi aljanu ne!"

"Wane irin aljanu? Gwanintar Babana ce."

Nan da nan kanta ya kumbura. Washegari ma ta bar wayar da gangan, don yaran lungu su zo kallo. Kafin yamma farfela ta rage gudu, ta tsaya.

Ran Juma'a da safe Baba ya gwada batir da ɗan ƙwan fitila. Ƙwan ya yi ja-ja, ya mutu. Ya duba ruwan batir, ya ga da sauransa. Ya kankare kan batir da wuƙa. Ya bi wayoyi tun daga zaure har kan soro, bai ga inda suka tsinke ba. Ya sauko gumi sharkaf.

Ya ce, "Ashe dinamo ne ya ƙone. Sai na kwance shi. Aikin kwana uku ne."

Yarinya ta tuna da jar waya. Ta leƙa ɗaki, ta ga 'Yardada ta fito da zanenta na saƙi tana sa masa turare. Tsohuwa na kwalliya don ɗan da ba zai gan ta ba. Tausayi ya kama yarinyar, kunya ta rufe ta.

Ta durƙusa. "Baba, ni ce. Ban cire waya ba. Kwana biyu farfela tana juyawa ba iska, ni kuma ina ta kiran yara kallo."

Baba ya dube ta. Ya ce, "Ba iska ta juya?"

"I, Baba."

"To dinamo lafiyarsa lau. In iska ta tsaya, wutar batir ce ke komawa sama ta juya farfela. Abin da muka tara ne kika zubar a gaban 'yan kallo. Ni ma da laifina, da ban gaya miki dalili ba. Tashi, kuka ba ya cika batir."

Ya sauko da dinamo. Ya kifa kekensa, ya cire robar tayar baya, ya haɗa ƙarfen tayar da dinamo da bel. Ya nuna mata feda. "Yau ke ce iskar."

Ta kama juyawa da hannu. Asibi da Ladi suka zo, suka yi ta karɓa-karɓa. Baba ya tafi masallaci ya dawo, suna yi. Tafin hannunta ya yi bororo, amma ba ta saki ba.

Bayan la'asar zaure ya cika. Baba ya murɗa rediyo. Ta yi ƙoƙo-ƙoƙo, sai ga murya: "Ni ne Ɗantani. Ina gai da mahaifiyata 'Yardada a Dala, da fatan tana lafiya."

'Yardada ta dafa akwatin rediyon da hannu biyu. "Lafiya lau, auta! Kana dai cin abinci?"

Kowa ya yi dariya, ita kuwa hawaye ne ke zuba. Ba a yi minti biyu ba, rediyo ta ɗauke.

Yarinya ta dubi hannunta, ta ji sanyi a ranta. Da ta ƙara ɓoye laifinta, da Kaka ba ta ji komai ba. Daga ranar ta gane abu biyu. In an ba ka amana, ka riƙe ta, ka kuma tambayi dalilinta. In ka yi kuskure, ka faɗa tun da sauran lokacin gyara.